Albaras Ɗin da Barmo Ya Sayo a Madawa

In ka shiga Bangi ka ji wani yana magana da ƙarfi a gindin dogon yaro, yana jefa Faransanci cikin Hausa ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba, kada ka wahalar da kanka da tambaya, Barmo ne. Ya je bida, wato neman kuɗi, Abijan yana saurayi, ya dawo da akwati, da tabarau, da baki. Akwatin ya lalace, tabarau ya karye an ɗaure shi da zare, bakin ne kawai har yau ko tsatsa bai yi ba. In daga gare shi ka ji labari, shi ne hannun daman wani Bature mai suna Mushe Luwi, wanda ko tari ba ya yi sai ya shawarce shi. In kuwa daga waɗanda suka je tare ka ji, ban ruwan furanni yake yi da wankan kare.

Duk cika bakin nan a kan fura yake tsaye, furar matarsa Dije. Ita ke riƙe da gidan. Tana da rumfa a layin masu abinci na kasuwar Bangi, rumfar da ta gada daga mahaifiyarta, kuma furarta ta yi suna: ga citta, ga kanumfari, ga laushi, da hannu take mulmula ta a gaban mai saye.

To, hannun nan ne ya fara sauyawa. Wani farin ɗigo ya fito a bayan yatsanta, ya faɗaɗa, ya haye wuyan hannu, wani kuma ya fito a gefen baki. Ba ciwo, ba ƙaiƙayi. Ta je asibiti, majo, wato babban ma'aikacin jinya, ya duba ya ce albaras ne. Launin fata ne ya janye a wurin, ba kuturta ba ce, ba a ɗauka, ba a shafa wa wani, ta dai riƙa kare wurin daga zafin rana. Dije ta dawo ta gaya wa kowa. Amma majo bakinsa ɗaya ne, kasuwa kuwa Allah kaɗai ya san yawan bakunanta. Wasu suka ce ta haɗa kifi da nono ne. Wasu suka ce ta tsallake abin da ba a tsallakewa. Habsa mai waina, wadda ta daɗe tana hangen inuwar rumfar Dije, ita ba ta ce komai ba, sai dai duk wanda ya nufi wajen fura ta yi tsaki ta dubi sama. Masu saye suka fara raguwa.

Barmo ya gyara tabarau ya ce da matarsa, “Majo mi yas sani? Yaro na. Ni da niz zauna da Turawa na san sirrin hwata. In bango ya koɗe, mi aka yi mai? A sake mai kala.”

Dije ta ce, “Malam, ni ba bango ba ta.”

Ya ce, “Shi na yas sa za ni yi miki a hankali.”

Ya je wajen masu saƙar tabarma ya roƙo galurar da suke rina kaba da ita, ja da tsanwa da shuɗi, ya haɗa a tsohuwar tukunya, wai zai fitar da launin Dije daidai. Da yake shi mutum ne mai tsari, ya ce sai an gwada tukuna. Maƙwabcinsa Isaka tela yana da farar akuya, ita kuma ta yi rashin sa'a ta leƙo gidan a daidai lokacin.

Ran nan Isaka ya yini yana korar wata baƙuwar dabba mai launin bakan gizo daga ƙofar gidansa. Ya kore ta da sanda, ta dawo. 'Ya'yanta suka gan ta suka ruga bayan rumbu suna kuka. Har ya sa an yi cigiyar akuyarsa a masallaci, sannan dabbar ta yi irin tarin da ya sani, ya duba kunnenta ya ga tsagar da ya yi mata da hannunsa.

Ya leƙo ta kan katanga ya ce, “Barmo, mi akuyata tay yi maka?”

Barmo ya ce, “Kimiyya ta, Isaka. Can Turai da ɓera aka gwaji. Ni girmama ka niy yi, nig gwada da akuya.”

“Allah shi saka. In ka tashi girmama ni gaba, ka yi min sallama in ɓoye uwata.”

Barmo ya ƙara baƙin tukunya a cikin haɗin ya ce yanzu ya daidaita. Dije ba ta yarda da shi ba, amma ranta ya gaji da ganin mutane suna kauce wa ƙwaryarta, sai ta miƙa hannu. Ranar kasuwa hannun ya yi duhu, ba laifi in daga nesa ne. Ta mulmula fura, ta birgima ta cikin gari, ba wanda ya ga komai. Sai da aka dama da nono sannan galura ta nuna halinta.

Wanda ya fara sha shi ne Takawa, sarkin kasuwa, dattijo mai farin gemu, wanda duk surutun mutane bai hana shi zama a rumfar Dije ba. Ya kafa kai ya sha yana hira, bai duba ba. Ya tashi ya zaga kasuwa yana raba gardama, yana mamakin yadda yau duk wanda ya tsawata wa sai ya sunkuyar da kai kafaɗunsa suna rawa. Sai da ya zo wucewa ta wajen 'yan kabu-kabu ya hangi kansa a madubin babur. Gemun nan ya koma ƙanin akuyar Isaka.

Ya dawo rumfar ransa a ɓace, ya ce, “Dije, ni ban taɓa gudun hannunki ba. Tun uwakki na da rai nika shan hura nan. Amma koke ya yi yawa, yau kuma ga gemuna. Kasuwa mai zuwa in hankalin mutane bai kwanta ba, sai ki bar layin abinci. Ba ni da yadda za ni yi.”

Wani mijin da ya ji haka sai ya sha jinin jikinsa. Barmo kuwa akwati ya buɗe, ya zaro safar ƙafa da ya zo da ita daga Abijan, ya ce Dije ta sa a hannu in tana sayar da fura a ƙofar gida, haka matan Turawa ke yi. Ta sa na yini guda. Kafin la'asar labari ya kai bakin rijiya cewa yatsun Dije sun fara zubewa, shi ya sa aka rufe su. Ta cire safar ta jefa a murhu, ta shiga ɗaki ta zauna tana kuka a hankali.

Barmo ya tsaya a tsakar gida yana jin ta. Kada a zalunce shi, yana son matarsa, kukan nan kuwa har cikin ransa ya ji shi. Abin da dai Allah bai ba shi ba shi ne ya shiga ya zauna kusa da mai kuka ya yi shiru. Shi dole sai ya yi dabara. Kafin a kira magariba ya sami wadda ta fi duk na baya, ya nufi shagon Isaka da ita.

Ya ce, “Isaka, tsai da kekenka ka ji. Mi mutane ka tsoro? Cutad da ba ta da magani. To in sunka ga tana da magani hwa? Ranak kasuwa za ni shiga da albaras nawa na kaina, wanda yah hi na Dije. In hau bisa, in shahwa magani, in wanke, in hito baƙi ƙirin gaban kowa. Sai su ce ashe abin ga wasa na. Dije ta tsira da rumhwatta, Bangi kuma ta san tana da dokta.”

Isaka ya ce, “In sunka ce to ka warkad da Dije hwa?”

“Sai in ce nata na mata na, shina ɗaukar lokaci.”

“Ka gaya mata?”

“Wa ka gaya ma mace sirrin ma'aikata?”

Isaka ya cije zare ya ce, “To in dole sai ka yi haukan, shahwa toka mana, ko hwarar ƙasa.”

Barmo ya miƙe tsaye. “Toka! Ni, Barmo na Mushe Luwi, in shahwa toka awa jaki mai birgima? Pantir za ni saye, na kanti, na gwangwani.”

Washegari ya hau mota sai Madawa, neman fenti, ko pantir, yadda ya fi so a ce. Ya sami kantin kayan gini na wani saurayi mai suna Safiyanu, wanda ke zaune da abin sauraren waya a kunne ɗaya. Barmo ya ga dama ta samu ta nuna ilimi. Ya dafa kanta ya ce, “Bonju. Pantir. Bulan.” Farin fenti yake nufi.

Safiyanu ya ga dattijo da tabarau yana Faransanci, sai ya amsa masa da shi. Ya ce, “A lo?”

Abin da yaron ke tambaya shi ne ko fenti na ruwa ake so, irin wanda ake wankewa ya fita, don a Faransanci haka ake kiran sa. Barmo kuwa alo ɗaya ya sani a duniya, wanda ake faɗa in an ɗauki waya. Sai ya ja baya cikin ladabi ya harɗe hannu yana jira.

Safiyanu ya sake cewa, “Baba, a lo?”

Barmo ya ce, “Gama wayakka, ba ni sauri.”

“A'a, da kai nike. A lo, ko a luwil? Nuhina, na ruwa ko na...”

Barmo ya ɗaga hannu. “Kak ka hwassara min, yaro. Tun ba a haihe ka ba nika Hwaransanci. Luwi kac ce? Allahu akbar! Ubangidana na. Ashe har kamhwani ya buɗe bai aiko min ba. Shi nika so.”

“Ƙohwa za a shahwa ma, ko taga? Don wanga in ya kama, ya kama.”

“Kayan Luwi dole su kama. Naɗe min.”

Haka Barmo ya dawo Bangi rungume da gwangwanin fenti na mai, wato a luwil ɗin nan, irin wanda ake shafa wa ƙofar ƙarfe don ta yi shekaru tana shan ruwan sama, yana ba 'yan cikin mota labarin yadda ya koya wa wani yaro ladabin waya.

Ranar kasuwa Dije ta ɗauki ƙwaryarta ta fita da sassafe, fuskarta ba walwala, don ta san yau ce ranar hukunci. Tana fita Barmo ya tuɓe ya buɗe gwangwani. Da farko ɗigo-ɗigo ya yi niyya, amma da ya duba madubi sai ya ga bai kai darajarsa ba. Ya laɓta a goshi, ya zagaye ido ɗaya, ya bi damatsa, ya yi taswira a tumbi. Bayansa da hannu bai kai ba, sai ya shafa wa bango ya jingina. Tafin hannu kuwa ba sai an faɗa ba, da su ya yi aikin. Ya zura 'yar shara, ya ɗauki kwalbar magani, wadda ba komai a cikinta sai ruwa da garin sabulu da lemun tsami, ya kama hanya.

Fentin mai ba ya saurin bushewa, balle an laɓta shi da kauri. A bakin gari ya wuce mata suna sheƙar gero, iska ta ba shi rabonsa na ƙaiƙayi. A ƙofar kasuwa mai kaji ya ɗaga kwando, gashi ya tashi ya nemi wurin zama ya samu.

Kowa ya san yadda gaisuwa take a wajenmu. In mutum ya miƙo maka hannu, naka ya riga idonka fita. In kun gaisa kuma sai ka kai hannun ƙirji, alamar girmamawa. Barmo ya shiga kasuwa yana rabon gaisuwa kamar mai neman ƙuri'a. Mai goro ya ba shi hannu, ya kai ƙirji. Mai gishiri haka. Su kuma suka juya suka gaisa da na kusa da su, na kusa suka gaisa da na gaba, wani ya share gumi, wani ya sosa hanci, wani ya shafa kan ɗansa. Kafin Barmo ya kai tsakiyar kasuwa, albaras ɗinsa ya riga shi isa layin masu dabbobi.

Habsa ce ta fara ganin sa sosai. Ta saki cokalin waina ta ɗora hannu a ka. “Wayyo jama'a! Ta shahwa mai! Dije ta shahwa ma mijinta! Jiya baƙi, yau dabbare-dabbare, har ya hwara gashin kaza!”

Mutane suka juyo. Mai goro ya dubi Barmo, ya dubi tafin hannunsa, ya ga fari fat. Ya dubi ƙirjinsa ya ga yatsu biyar. Ya kurma ihu, “Na ɗauka! Wallahi na ɗauka, har ta huda riga!”

Nan fa kasuwa ta rikice. Kowa ya duba hannunsa, wanda ya ga fari ya yi salati, wanda bai gani ba ya ruga don kada mai fari ya taɓa shi. Habsa ta kama wata mata don kada ta faɗi, ashe matar ta gaisa da wadda ta gaisa da matar mai gishiri, sai ga Habsa da farin kunci.

Barmo kuwa daɗi ya kama shi, don bai taɓa zaton taro zai yi kyau haka ba. Ya haye amalanken albasa da ke tsaye da jakinsa a ɗaure, ya ɗaga kwalba. “Silansi! Ku natsu, jama'a! Kun ga cuta? To ga magani, daga hannun Dokta Barmo. Ku buɗe ido, yanzun ga za ta hita.”

Ya tsiyaya a damtse ya murza. Kumfa ya tashi. Ya ɗauraye. Fenti ya fito fes, har ya fi ɗazu ƙyalli.

Ya ce, “Shina ɗan jinkiri, maganin Turawa na.” Ya ƙara murzawa.

Isaka, wanda ya rufe shago musamman don kada a ba shi labari, ya ɗaga murya daga bayan taro. “Dokta, ko a kawo maka akuya ka gwada?”

Barmo ya juye kwalbar duka a kansa. Sabulu ya shiga ido, lemun tsami ya bi shi. Ya roƙi soso, aka jefo masa daga nesa. Ya roƙi yashi, aka watso masa. Ya dirje har fatar da ba fenti ta yi ja, wadda ke da fenti kuwa ko gezau.

Wani ya ce, “Maganin ma ƙara ta shika yi!”

Sai ga Takawa ya ratso taro, gemunsa har yanzu da sauran launi. Ya damƙi hannun Barmo don ya sauko da shi. Barmo ya fizge, ya yi taga-taga, ya dafa gindin jaki. Jakin ya ji abu mai sanyi da ɗanko, ya ga jama'a na ihu, ya yanke shawarar barin garin. Amalanke ya zabura da Dokta a kai, albasa na zubewa, ana ta kururuwa, “Har jaki ya ɗauka!”

Takawa ya tsaya yana haki, ya share gumin fuska da hannu. Da ya ɗago sai ya ga fili ya buɗe kewaye da shi. Mutanen da kullum ke rububin gaishe shi sun ja baya suna kallon hancinsa. Ya dubi hannunsa ya ga fari. Ya ce a ba shi ruwa. Wani da suka tashi tare tun suna yara ya ajiye buta a ƙasa, ya turo ta da ƙafa. Dattijon ya dubi butar nan ya kasa sunkuyawa ya ɗauka.

Daga nan fushin mutane ya koma inda ya saba zuwa. “A hidda Dije! A tada rumhwatta! Ita tak kawo muna bala'i!”

A daidai lokacin jakin ya gama zagaye kasuwa, ya yi kwana a layin abinci, ya zubar da Barmo a gaban rumfar matarsa. Ya ɗago kai, ido ja, gashin kaza a gira. Ya ga Dije tsaye ita kaɗai ta rungume ƙwaryarta, jama'a sun nufo ta, wasu har sun kama ƙafar rumfar. Ba ta kuka. Kallon sa kawai take yi. Kunyar da ta rufe Barmo ta fi fentin kauri.

Ya ce da ƙaramar murya, “Dije, pantir na.”

Ta ce, “Na ji warinai tun kana ƙohwar kasuwa.”

Macen da ta yi shekaru tana wanke rigunan mijin da ke taɓa duk abin da bai sani ba, ba sai an gaya mata cewa mai ne ke fitar da mai ba. Ta ajiye ƙwarya, ta miƙa hannu rumfar Habsa ta ɗauki kwalbar man gyaɗa ba tare da neman izini ba, ta yagi gefen tsohon zane. Ta tsallake mijinta, ta ratsa mutane suna darewa, ta tsaya gaban Takawa.

Ta ce, “Sarki, kawo hannu.”

Ba wanda ya rage a kasuwar da zai taɓa shi sai ita. Ya miƙa. Ta riƙe hannun cikin fararen yatsunta, ta zuba mai ta murza. Farin ya narke ya bi tsumma, baƙar fata ta fito. Ta goge masa hanci.

Mai goro ne ya fara matsowa, hannu a gaba. “Dije, don Allah, ni ma.” Mai gishiri ya bi bayansa. Kafin ka ce me, layi ya miƙe daga rumfar fura har wajen masu tukwane, mutanen da suka daɗe suna kauce wa hannun Dije, kowa na roƙon ta riƙe nasa. Habsa ta shiga layi tana kallon man gyaɗarta na ƙarewa. Har mai jaki ya jawo jakinsa.

Da ta gama da na ƙarshe, Dije ta ɗaga hannunta sama, ta murza shi da tsumman nan da ƙarfi a gaban kowa. Ta ce, “Ku duba da kyau. Naku ya hita. Wanga nawa na, ba shi hita, ba shi kuma hawa kowa. Yau na riƙe hannun rabin kasuwagga, wa yaɗ ɗauka? Mutumen ga da ka zaune ƙasa, tun aurenmu hannun ga ka ba shi abinci. Da yas so albaras, sai da yab biya mota yat tahi Madawa yas sayo.”

Dariya ta fashe har masu dabbobi suka jiyo. Isaka ya ce, “Dokta, mai kanti bai gaya maka akwai na ruwa ba?”

Barmo ya ce, “Ina yag ga ta gaya min? Yaron waya shika yi, sai alo, alo shika ce min.”

Direbobin motocin kasuwa da duk wanda ya taɓa zama a lakwal, wato makarantar boko, suka zube ƙasa suna riƙe ciki. Aka fassara wa sauran, su ma suka zube. Tun daga ran nan ba a sake kiran sa Barmo ba a Bangi, sai Alo.

Takawa ya ja benci ya zauna a inda ya saba. Ya ce, “Dije, wanke hannu ki dama min hura. Ki mulmula gabana, ina kallo.” Ya sha, ya shafa gemu ya duba tafin hannu don tabbatarwa, sannan ya ce da ƙarfi yadda Habsa za ta ji, “Rumhwagga ta uwatta ta, nan za ta zamna. Wanda ba shi son hura ga rijiya can.”

Furar ba ta kai la'asar ba ta ƙare. Shi kuwa Alo aka bar shi a bayan rumfa yana korar ƙuda, don Dije ta ce nasa sai kasuwa ta tashi. Da mutane suka watse ta zo da ragowar mai ta durƙusa. Fentin ya bushe a wurare, sai da ta dirje, yana ta cije baki.

Ya ce, “Kin ga dai tsarin ya tahi yadda nit tsara.”

Ta ƙara dirjewa.

Can ya ce, “Dije, da nih hwaɗo daga amalanke na miƙa hannu a tada ni. Kowa ya ja baya. Rabin yini kaɗai, amma na ji shi nan.” Ya dafa ƙirji. “Ashe hakan ga kika kwana kika tashi.”

Hannun Dije ya sassauta. Ta goge goshi, ta goge damatsa, ta zo kan wani ɗigo da ya rage a bayan hannunsa na dama, daidai inda nata ya fara fitowa. Ya janye hannun.

Ya ce, “Bar wanga.”

“Don mi?”

“In wani ya sake tashi gudunki, shi guje mu tare.”

Ta daɗe tana kallon ɗigon, idonta ya ciko. Ta share da gefen mayafi ta ce, “Malam, ai da kainai za shi ɓare.”

Ya ce, “In ya ɓare akwai saura cikin gwangwani.”

Dije ta miƙe ta ɗora ƙwarya a ka, ta kama hanyar gida da sauri irin wanda ba a taɓa ganin ta yi ba, don ta riga shi isa wurin gwangwanin.